Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi da Majalisa Ta Yi wa Doka da Sunansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Abu ne mai wuya majalisar ƙasa ta zauna ta rubuta doka saboda mutum biyu kacal, har ta sa sunayensu a kanta. Haka ta faru a Ghana cikin watan Agusta na 1957, ƙasar ba ta ko cika wata shida da samun 'yancin kai ba. Ɗaya daga cikin mutanen biyu shi ne marigayi Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi.

Zangon Kumasi ya kafu sosai ne bayan 1900, lokacin da Turawan Ingila suka gama cin ƙasar Asante, wadda Hausawa ke kiran mutanenta Tonawa. Fataken goro daga Kano da Katsina da Sakkwato suka zauna, tare da Mosawa da Yarabawa da Zabarmawa, Hausa ta zama harshen kasuwa da masallaci. A wannan gari Alhaji Amadu Baba ya yi suna, Bahaushe mai hali kuma mai faɗa a ji, har ya riƙe sarautar zango.

Ba daga kujerar majalisa ya yi siyasarsa ba, amma ya san kujerar tana da amfani. Mutanen zango suna biyan haraji, suna ɗaukar kayan kasuwa, amma idan ana rabon rumfuna ko filaye ko makarantu sai a ce musu baƙi. Saboda haka da ƙungiyar Musulmin ƙasar ta koma jam'iyyar siyasa a 1954, wato MAP, shi da Alhaji Usman Ladan suka zama ginshiƙanta a Kumasi. A watan Satumba na wannan shekara Baffour Akoto, kakakin Sarkin Asante, ya jagoranci kafa NLM, wadda ke neman tsarin tarayya da ƙarin kuɗin koko. Alhaji ya ja jama'arsa suka haɗa kai da ita a kan jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah.

Ribar da aka samu a akwati kaɗan ce. A zaɓen 1956, cikin kujeru 104, MAP ta ci ɗaya, ta Kumasi ta Arewa, kuma wanda ya hau ta lauya ne, Cobina Kessie, ba ɗan zango ba. Tsadar kuwa ta yi yawa. Shekarun nan an yi ta faɗan siyasa a titunan Kumasi, zango ya rabu gida biyu, rabuwar ta kai har masallaci. Dattawa ba sa son tuna wannan ɓangare, amma ɗalibi ya kamata ya san shi.

Bayan 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957, gwamnati ta yi dokar korar baƙi, ta ba da umarnin fitar da Alhazan biyu a kan cewa zamansu bai dace da maslahar jama'a ba. Suka garzaya kotu a Kumasi, suka ce su 'yan Ghana ne, ba a korar ɗan ƙasa daga ƙasarsa. A dokar lokacin haihuwa kaɗai ba ta isa ba, sai an duba asalin iyaye, kuma abin da alƙali zai tantance ke nan. Gwamnati ba ta jira hukunci ba. Ta kai ƙudiri majalisa, aka amince da shi cikin gaggawa, shari'ar ta mutu a nan take, aka fitar da su zuwa Najeriya. Ko mai ƙaunar Nkrumah zai yi wuya ya kare wannan, domin an rufe ƙofar kotu ne mutum yana tsaye a cikinta.

Kafin shekarar ta ƙare aka hana jam'iyyun addini da na ƙabila, MAP ta narke cikin jam'iyyar UP ta Dakta Busia. Sarautar zango ta koma hannun Malam Mutawakilu, mutumin CPP.

Alhaji Amadu Baba bai dawo Kumasi ba sai bayan soja sun hamɓarar da Nkrumah a 1966. Shekara uku bayan haka Busia, abokin tafiyarsa na dā, ya hau mulki, kuma a watan Nuwamba na 1969 gwamnatinsa ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Gidaje da yawa a zango suka zama kango.

Allah ya jiƙan Alhaji Amadu Baba, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa.