Harry Truman: shugaban da ya bi ta kan jama'a don majalisa ta saki kuɗin agaji

Ranar 5 ga Oktoba 1947 shugaban Amurka ya yi wa jama'arsa jawabi ta talabijin daga Fadar White House, karo na farko ke nan da aka yi haka. Roƙonsu ya yi su bar cin nama ranar Talata, su bar kaji da ƙwai ranar Alhamis, kowa kuma ya rage yankan burodi ɗaya a kullum, don a samu hatsin da za a aika wa Turai, inda yunwa ta biyo bayan yaƙi. A ganina ba hatsin kaɗai Harry Truman yake nema ba. Uwargidan da ta sauya cefanenta saboda yaran Faransa, da wuya ta yafe wa ɗan majalisar da ya ƙi sakin kuɗin taimakonsu.

An haife shi ranar 8 ga Mayu 1884 a garin Lamar na jihar Missouri. Yana yaro mashaƙo ta kama shi, har ta shanye masa hannu da ƙafa na tsawon watanni. Duk ma'aikaciyar jinyar da ta taɓa ganin yaro da wannan cuta ta san da ƙyar ya sha, balle a wancan zamani. Idonsa ma ba ya gani sosai, shi ya hana shi shiga makarantar hafsoshi. Ya yi shekara goma da wani abu yana noma a gonar gidansu, ya je Yaƙin Duniya na Farko a Faransa yana kaftin ɗin igwa, ya dawo ya buɗe kantin kayan maza a Kansas City, kantin ya karye a 1922, ya daɗe yana biyan bashi. Bai taɓa samun digiri ba. An zaɓe shi sanata a 1934, ya zama mataimakin shugaban ƙasa a Janairun 1945, kwana 82 kacal Roosevelt ya mutu, mulki ya faɗo masa. Shi ne ya amince da jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, kuma duk wanda zai yabe shi kada ya tsallake wannan.

To, a tsarin Amurka lalitar gwamnati tana hannun majalisa. Shugaba ya yi ta alkawari, in 'yan majalisa ba su sa hannu ba ko sisi ba zai fita ba. A zaɓen 1946 'yan Republican suka ƙwace majalisun biyu daga jam'iyyarsa ta Democrat, da alkawarin rage haraji da kashe kuɗi. Ana cikin haka, a Fabrairun 1947, Ingila ta ce ta gaza, ba za ta iya ci gaba da tallafa wa Girka da Turkiyya ba. An ce Arthur Vandenberg, ɗan Republican mai shugabantar kwamitin harkokin waje na dattawa, shi ya faɗa masa cewa in yana son kuɗin, sai ya tsorata Amurkawa tukuna. Ranar 12 ga Maris Truman ya tsaya gaban majalisa ya nemi dala miliyan 400, rediyo na watsawa. Bai tsaya kan lissafin Girka ba. Ya nuna duniya ta rabu biyu, 'yanci da danniya, kuma in Girka ta faɗa hannun 'yan gurguzu maƙwabta za su bi. Daga nan duk wanda ya ce a'a, sai ya yi wa mazaɓarsa bayanin dalilin da ya sa yake sassauta wa Tarayyar Sobiyet. A watan Mayu kuɗin suka fita.

Babban aikin shi ne na gaba, sake gina Turai, kuma a nan ne na fi ganin wayonsa. Ya san ba shi da farin jini a majalisa, sai ya bar sakataren harkokin wajensa, Janar George Marshall, wanda kowa ke girmamawa, ya gabatar da shirin a jami'ar Harvard ranar 5 ga Yuni 1947, ya kuma yarda sunan Marshall ya bi shirin. Ɗan siyasa nawa zai yi wannan? Sannan aka kafa kwamitin 'yan ƙasa na goyon bayan shirin, aka ɗora Henry Stimson a kai, dattijo ɗan Republican. Suka shiga gari gari da laccoci da tallace-tallacen jarida da takardun koke. Marshall da kansa ya yi ta yawo yana magana da manoma da 'yan kasuwa da ƙungiyoyin mata. Manomi aka nuna masa mai sayen alkamarsa, mai masana'anta aka nuna masa kasuwa, mai zuwa coci aka nuna masa mayunwaci. Kowa da ƙofar da aka shiga masa.

Duk da haka majalisa ta yi ta jan ƙafa, Sanata Robert Taft na neman a zaftare kuɗin. Sai a Fabrairun 1948 'yan gurguzu suka karɓe mulki a Chekoslovakiya. Tsoron da Truman ya shekara yana shukawa ya nuna a dare ɗaya. Ranar 3 ga Afrilu ya sa hannu a dokar, aka ba Paul Hoffman, ɗan Republican shugaban kamfanin motoci na Studebaker, riƙon shirin. Cikin shekara huɗu kimanin dala biliyan 13 suka tafi Yammacin Turai.

Mu masu jinya mun san wannan dabara. Majinyaci ya ƙi shan maganin hawan jini, ka yi lallashi ka gaji, sai ka kwatanta masa shanyewar ɓarin jiki. Yakan sha. Amma wanda tsoro ya sa shi shan magani, ranar da tsoron ya gushe yakan ajiye shi.

A jawabin rantsuwarsa na 20 ga Janairu 1949, bayan ya kayar da Thomas Dewey a zaɓen da kusan kowa ya ce zai faɗi, Truman ya kawo wani shiri na taimakon ƙasashe matalauta da ƙwararru kan noma da lafiya da ilimi, wanda aka sani da Batu na Huɗu. A nan babu tankokin Sobiyet a bakin ƙofa, babu abin da zai tsorata mai jefa ƙuri'a. Majalisa ta ɗauki fiye da shekara, sannan ta ba da abin da bai kai dala miliyan 50 ba. Ku auna da biliyan 13. Wannan ɗan shirin na cikin tushen hukumar USAID da Kennedy ya kafa a 1961, wadda aka rufe a 2025, lamarin da ya taɓa asibitocin da 'yan'uwanmu ke karɓar magani a gida. Ni dai ina ganin raunin tun daga tushe yake, domin an fi sayar wa Amurkawa agajin waje a matsayin garkuwarsu daga abokin gaba.

Makamin ma ya juyo kansa. Tun Nuwamban 1945 ya nemi majalisa ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa ga kowa da kowa. Ƙungiyar likitocin Amurka ta zuba miliyoyin daloli a tallace-tallace, ta ce wannan ai hanyar gurguzu ce. Tsoron da ya fitar da kuɗin Turai, shi ya kashe shirin. Har gobe a Amurka akwai mai ciwon sukari da ke rage allurar insulin don kuɗinta, mu da ke aiki a nan muna ganinsu.

Yaƙin Koriya ya cinye sauran farin jininsa, a 1952 masu goyon bayansa suka sauko kashi 22 cikin ɗari. A Janairun 1953 ya hau jirgin ƙasa da matarsa Bess suka koma gidansu na Independence a Missouri. A can Lyndon Johnson ya same shi ranar 30 ga Yuli 1965, ya sa hannu a gabansa kan dokar Medicare ta inshorar tsofaffi, aka yi masa rajista a matsayin mutum na farko. Ya mutu a wani asibiti a Kansas City ranar 26 ga Disamba 1972, yana da shekara 88.