Tarihin Shehu Damiri, Mai Hayatul Hayawan

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, wannan tarihin Shehu Kamaluddini Muhammadu ɗan Musa ne, wanda aka fi sani da Damiri. An haife shi a Alƙahira wajen shekara ta 742 ta Hijira, watau 1341. Asalin gidansu Damira ne, wani gari a ƙasar Masar, can aka samo laƙabinsa.

Da fari maɗinki ne, da allura yake ci. Sa'an nan ya koma ga karatu, ya durƙusa gaban manyan malamai, kamar su Baha'uddini Subki da Jamaluddini Isnawi, har ya ƙware a fiƙihu da hadisi da lugga. Ya karantar a Masallacin Azhar, ya yi aikin hajji ba sau ɗaya ba, ya kuwa yi zama a Makka.

Dalilin littafinsa, ya ga masu ilmi suna kuskure a sunayen dabbobi, suna rikita wata da wata. Malami kuwa ba ya yanke hukunci a kan abin da bai san ko mene ne ba. Saboda haka ya tara dabbobi fiye da 900, na tudu da na ruwa, da tsuntsaye da ƙwari, ya jera su bisa haruffa, ya fara da zaki. Ya gama a shekara ta 773. Kowace dabba yakan kawo sunanta da siffarta da halinta, sa'an nan hadisan da suka ambace ta, da hukuncin cinta, da karin magana, da magani, da fassarar ganinta a mafarki. A babin dinya har tarihin halifofi ya kawo.

To, mai karanta shi a ƙasar Kano ya kiyaye abu biyu. Na fari, Shehu Bashafi'e ne, mu kuwa Malikawa. A mazhabarsa naman doki da na kura halal ne, amma a Muhtasar na Halilu doki haram ne, kura makaruhi. Kada almajiri ya ɗauki fatawa daga nan ya kai kasuwa.

Na biyu, yawancin abin da ya rubuta daga littattafan magabata ya ciro, irin su Jahizu na Basra, ba da idonsa ya gani ba, don haka tsaba ta haɗu da tsakuwa. Misali, magabata sun ɗauka shugaban ƙudan zuma namiji ne, yadda masu rataya amya a Bichi da Dambatta ke cewa sarkin zuma. Sai a ƙarni na 17 wani masani na ƙasar Holan, Swammerdam, ya feɗe shi ya duba da madubin ƙara girma, ya tarar mace ce, ita ke zuba ƙwai. Haka magungunan da ke ciki, kada a ba maras lafiya sai an bincika.

Wannan bai rage darajarsa ba, gama ya koya wa malamai cewa sanin halitta yana gaba da hukunci a kanta. Ya rasu a Alƙahira a shekara ta 808, watau 1405. Allah ya jiƙansa, ya amfane mu da ilminsa, amin.