Belle da Costa Greene: Hadimar da ta buɗe wa jama'a taskar attajiri

A shekarar 1905 hamshaƙin attajirin Amurka J. Pierpont Morgan ya ɗauki wata matashiya aiki domin ta kula da littattafan da ya tara a birnin New York. Sunanta Belle da Costa Greene, kuma daga ɗakin karatu na Jami'ar Princeton aka kawo ta.

An haife ta a Washington a 1879. Mahaifinta, Richard T. Greener, shi ne baƙar fata na farko da ya kammala karatu a Kwalejin Harvard. Bayan rabuwar iyayenta, mahaifiyarta ta sauya sunan iyalin, suka shiga cikin Turawa saboda hasken fatarsu. A zamanin wariyar launin fata, da asirin ya tonu, da wuya ta ci gaba da riƙe muƙaminta.

Cikin 'yan shekaru ta zama wadda maigidan ba ya sayen littafi sai da shawararta. A gwanjon da aka yi a 1911 ta biya dala 42,800 ta sayo masa littafin tarihin Sarki Arthur da William Caxton ya buga a Ingila a 1485.

Morgan ya rasu a 1913, ta ci gaba da aiki da ɗansa. Burinta shi ne kada taskar ta zama ta baƙin maigida kaɗai. A 1924 ɗan ya mayar da ɗakin karatun cibiyar jama'a, aka naɗa ta darakta ta farko. Ta buɗe ƙofa ga masu bincike, ta riƙa shirya baje kolin tsofaffin rubuce-rubucen hannu masu adon zinariya domin wanda ba shi da hanya wajen manya ma ya gani da idonsa.

Ta yi ritaya a 1948, ta rasu a 1950. Kafin rasuwarta ta ƙona takardunta na sirri, sai bayan kusan shekara 50 asalinta ya fito fili. A 2024, lokacin da cibiyar ta cika shekara 100, ta shirya baje koli kan rayuwarta, inda aka nuna dangin da ta ɓoye tare da littattafan da ta saya.