Elsa Rendschmidt, Gwanar Zamiya a Kan Ƙanƙara

Mu 'yan Haɗejiya ƙanƙarar da muka sani ita ce ta cikin zoɓo. Ko sanyin hunturu ya kai ina, kogin garinmu ba ya daskarewa. A Jamus kuwa ruwa kan daskare har mutane su sa takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa su yi ta zamiya a kai.

A wannan wasa Elsa Rendschmidt ta yi suna. An haife ta a Berlin a 1886. A zamaninta ba tsalle-tsalle aka fi kulawa da shi ba. Sai ɗan wasa ya zana siffa kamar lamba 8 da ƙafa ɗaya, alƙalai su zo su duba sawun ko ya karkace. Mata kuma cikin doguwar riga suke yi, abin da muke ganin ya fi wuya.

A gasar Olamfik ta Landan a 1908 mata biyar ne kawai suka fafata. Madge Syers ta Ingila ta zo ta ɗaya, Elsa ta samu azurfa. Ita ce mace ta farko daga Jamus da ta ci lambar Olamfik. Abin mamaki, lokacin ƙasarta ba ta ma fara gasar mata ba. Sai 1911 aka fara, Elsa ta lashe.

Matan Najeriya kuwa sai 1992 suka samu lambarsu ta farko, a gudun ba-ni-in-ba-ka a Barcelona. Elsa ta rasu a 1969.