Vannevar Bush: Injiniyan da ya sa sojoji kashe kuɗi kan binciken fiziks

Ranar 12 ga watan Yunin 1940, wani injiniya ya shiga ofishin Shugaban Amurka Franklin Roosevelt riƙe da takarda shafi ɗaya. Buƙatarsa ita ce a kafa kwamitin da zai haɗa masanan jami'o'i da sojoji. Cikin 'yan mintuna shugaban ya amince.

Sunan injiniyan Vannevar Bush, kuma ba shi da dangantaka da iyalan Bush da suka mulki Amurka daga baya. Bai ƙera makami ko ɗaya da hannunsa ba a Yaƙin Duniya na Biyu, amma shi ya share hanyar da kuɗin tsaro ke bi zuwa ɗakunan bincike har yau.

Darasin yaƙin farko

An haife shi ranar 11 ga watan Maris na 1890 a garin Everett da ke jihar Massachusetts. Mahaifinsa limamin coci ne. Ya yi karatu a Kwalejin Tufts, sannan ya samu digirin digirgir a fannin injiniya a 1916.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙirƙiri na'urar gano jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin teku. Na'urar ba ta tsinana komai ba a fagen fama, domin babu fahimtar juna tsakanin masu bincike da rundunar sojin ruwa. Wannan abu ya tsaya masa a rai.

Daga 1919 ya koyar a jami'ar MIT, inda ya gina wani injin lissafi da ake ƙirgawa cikin kakannin kwamfuta. A 1939 ya koma Washington ya shugabanci Cibiyar Carnegie.

Ilimin da aka ɗauka ba shi da amfani

A 1941 aka ba shi jagorancin hukumar OSRD, mai kula da binciken kimiyya na yaƙi. Bai sanya wa masana kaki ba. Ya bar su a jami'o'insu, gwamnati tana ba su kwangila.

Abin da ya biyo baya ya buɗe idon janar-janar. A ƙarshen 1938 ne masana a Berlin suka gano ƙwayar zarra ta yuraniyom tana iya rabewa. Ba makami suke nema ba, so suke su fahimci yadda halitta take. Kafin a cika shekara bakwai, a watan Agustan 1945, an jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. Bush na cikin waɗanda suka shawo kan Roosevelt ya gaggauta aikin, kuma ya halarci gwajin farko a hamadar New Mexico.

Haka lamarin na'urar radar mai hango jiragen sama daga nesa. Masana fiziks ne suka inganta ta a MIT, yawancinsu ba su taɓa aikin soja ba.

A watan Yulin 1945 Bush ya miƙa wa Shugaba Harry Truman rahoto mai suna Science, The Endless Frontier. Hujjarsa ita ce binciken tushe, wanda ake yi ba tare da wata manufa ta kusa ba, kamar rumbu yake. Yaƙi ya kwashe abin da Turai ta tara, kuma idan ba a sake cika rumbun ba, babu abin da injiniyoyin gobe za su ɗiba.

Sojoji sun riga farar hula

Bush ya so hukumar farar hula ta riƙe wannan kuɗi. Sai dai taƙaddamar siyasa ta jinkirta kafa ta har zuwa 1950. Kafin nan rundunar sojin ruwa ta buɗe ofishinta na bincike a 1946, ta shiga ɗaukar nauyin masana fiziks a jami'o'i.

Lissafin sojojin a fili yake. Ba wanda ya san binciken da zai haifi makamin gobe, don haka gara a zuba jari a wurare da yawa. Suna tsoron kada abokin gaba ya shammace su. Suna kuma son a samu ƙwararru a shirye ranar da buƙata ta taso.

Da tallafin sojoji Charles Townes ya yi binciken da ya buɗe ƙofar hasken leza. Agogon zarra, wanda ya samo asali daga binciken tushe, shi ke sa GPS ɗin wayarka aiki, kuma sojojin Amurka ne suka gina tsarin.

Bush kansa bai gamsu da yadda al'amura suka juya ba. A 1952 ya nemi a jinkirta gwajin bam ɗin haidirojin, ba a saurare shi ba. A 1954 ya fito ya kare Robert Oppenheimer lokacin da gwamnati ta tuhumi amincinsa, amma duk da haka aka raba Oppenheimer da izinin sanin sirrin ƙasa.

Ya rasu ranar 28 ga watan Yunin 1974 yana da shekara 84. Har yanzu masana na muhawara kan abin da ya bari: ko mai biyan kuɗin bincike zai ƙyale mai binciken ya zaɓi tambayar da zai yi.