Tarihin Frank Capra, Mai Fim Ɗin Kirsimetin Da Ya Yi Kwantai Kafin Ya Yi Kasuwa

A ƙasar Amurka, da zarar watan Disamba ya kama, gidajen telebijin sukan shiga nuna finafinan Kirsimeti, iyali su taru su kalla. A cikinsu duka da wuya a sami wanda ya kai It's a Wonderful Life farin jini. Amma fa wannan fim ɗin shi ne ya karya jarin mutumin da ya shirya shi, watau Frank Capra.

An haifi Capra ran 18 ga watan Mayu, 1897, a garin Bisacquino da ke tsibirin Sisili na ƙasar Italiya. Iyayensa talakawa ne manoma. Cikin 1903 suka yi ƙaura zuwa Amurka, suka sauka a Los Angeles, inda yaron ya tashi yana tallar jarida yana kuma zuwa makaranta. Da wannan fafutuka ya kai kwalejin Throop, wadda yanzu ake kira Caltech, ya sami digirin injiniya a fannin haɗa sinadarai cikin 1918. Ya taɓa aikin soja kaɗan, sa'an nan ya yi 'yan shekaru yana buga-buga, babu tsayayyen aiki.

Cikin 1922 ya shirya ɗan gajeren fim ɗinsa na farko a San Francisco. Daga nan ya koma rubuta wa 'yan wasan barkwanci abin ban dariya, har ya shiga kamfanin Columbia, wanda a lokacin ba a lissafa shi cikin manya. A nan tauraronsa ya haska. Fim ɗinsa It Happened One Night na 1934 ya kwashe manyan lambobin Oscar guda biyar, kuma kafin 1940 Capra ya karɓi lambar gwanin masu ba da umarni har sau uku. Labarinsa kusan kullum ɗaya ne: ƙaramin mutum mai gaskiya ya yi karo da masu kuɗi ko 'yan siyasa, a ƙarshe jama'a su tsaya masa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ci Amurka sai ya koma soja, ya shirya finafinai bakwai na wayar da kan mayaƙa, ya fito da muƙamin kanar.

Bayan yaƙi ya ƙi komawa ƙarƙashin kowa. Shi da abokansa uku, ciki har da William Wyler da George Stevens, suka kafa kamfanin kansu, Liberty Films. Labarin da ya zaɓa ya fara da shi na wani marubuci ne, Philip Van Doren Stern, wanda ya rasa mai buga masa, ya buga kofe 200 da kuɗinsa, ya rarraba wa 'yan'uwa da abokai a matsayin katin Kirsimeti cikin 1943.

Labarin na wani George Bailey ne, wanda James Stewart ya fito a matsayinsa. Tun yana yaro burinsa ya bar garinsu ya ga duniya, amma kullum sai wata hidima ta tsare shi, har ya gaji ɗan kamfanin mahaifinsa mai ba talakawa rancen gina gida. Ran jajibirin Kirsimeti baffansa ya ɓatar da dala 8,000 na kamfanin, kuɗin suka faɗa hannun Potter, attajirin garin, ya yi gum da bakinsa. Da George ya ga kurkuku da abin kunya sun tunkaro shi, sai ya nufi gada zai faɗa kogi. A nan, in ji labarin, aka aiko masa da mala'ika ya nuna masa yadda garin zai lalace da a ce ba a haife shi ba. Ya koma gida, maƙwabta suka yi karo-karo suka cike giɓin. Wanda duk ya taɓa riƙe kuɗin hukuma ko na ƙungiya ya san irin daren da George ya kwana. Potter kuwa, har fim ya ƙare ba wanda ya tuhume shi.

Da tsakiyar zafin 1946 aka ɗauki fim ɗin, ƙanƙarar da ake gani tana zuba kuwa kumfa ce ta kashe gobara da aka haɗa da sabulu da ruwa. Aka fara nuna shi a New York ran 20 ga Disamba. An kashe masa fiye da dala miliyan uku, bai mai da kuɗinsa ba. An tsai da shi takarar Oscar a wuri biyar, bai ci ko ɗaya daga cikinsu ba; fim ɗin abokinsa Wyler, The Best Years of Our Lives, shi ya kwashe. Bugu da ƙari, cikin 1947 wani rahoton hukumar bincike ta FBI ya zargi fim ɗin da ƙanshin kwaminisanci, wai don ya nuna mai banki a matsayin mugu. A wannan shekarar aka sayar wa Paramount kamfanin Liberty. Capra bai sāke komawa matsayinsa na dā ba, kuma daga 1961 bai ƙara shirya babban fim ba.

Sakaci ne ya farfaɗo da fim ɗin. Dokar Amurka ta lokacin ta ce a sabunta haƙƙin mallaka bayan shekara 28, to, cikin 1974 masu riƙe da shi ba su sabunta ba. Gidajen telebijin suka sami na banza, suka riƙa nuna shi kowace Disamba, wani gidan ma sau da yawa, har yaran da ba a haifa ba a 1946 suka tashi da shi. Capra yana raye ya ga wannan, ko da yake fim ɗin ya daɗe da fita daga hannunsa. Cikin 1990 aka sa shi a jerin finafinan da Amurka ke adanawa don tarihi.

Capra ya rasu ran 3 ga Satumba, 1991, a La Quinta ta jihar Kalifoniya, yana da shekara 94. Bayan shekara biyu kamfanin Republic ya sāke kama ragamar fim ɗin, bisa hujjar cewa haƙƙin ainihin labarin da na kiɗan da ke ciki yana hannunsa, daga nan nunin kyauta ya ƙare.