Marigayi Alhaji Audu Bako, Gwamnan Da Ya Tare Ruwa A Ƙasar Kano

An haifi Alhaji Audu Bako a barikin 'yan sanda na Kaduna cikin 1924, ya kuma yi karatu a Midil ta Zariya. Ya bi sawun mahaifinsa ya shiga aikin ɗan sanda cikin 1942. Da Janar Yakubu Gowon ya rarraba ƙasar nan jiha goma sha biyu cikin watan Mayu 1967, sai aka naɗa shi Gwamnan Jihar Kano, wadda a zamanin ta haɗa har da ƙasar Jigawa.

To, abin da ya tarar shi ne jama'a ga yawa, gonaki ga ƙaranci, damina kuwa ba ta wuce wata huɗu. Da an gama kaka sai rafuka su ƙafe, magidanta su tafi cin rani. Saboda haka ya ƙudura niyyar tare ruwan da ke wucewa a banza. Dabarar ba ta da wuyar fahimta: a sami kwari, a gitta masa tudun ƙasa, a sa yumɓu a tsakiya a daddanne don kada ruwa ya yoye, sa'an nan a bar mafita a gefe inda rarar ruwa za ta bi. Ta haka aka soma madatsar Bagauda cikin 1969, wadda ta shayar da gonakin Kadawa, aka yi ƙanana irin na Ƙaraye da Birnin Kudu. Babbar cikinsu, wato Tiga, an gama ta cikin 1974, daidai lokacin da fari ya addabi Arewa. Manoman Kura da Kadawa suka shiga noman alkama da tumatir da shinkafa da rani.

Amma fa aikin bai rasa illa ba. Ruwan da aka tare a Tiga ya rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka dogara da ita, masunta da makiyaya da manoman can suka ji jiki. Ita kuwa Bagauda, ruwan sama ya ɓalle ta cikin Agusta 1988.

Ya sauka cikin Yuli 1975 sa'ad da Janar Murtala Muhammed ya karɓi mulki, ya koma gona. Allah ya yi masa rasuwa cikin 1980. Sakatariyar Jihar Kano da gidan zu da Kwalejin Aikin Gona ta Ɗambatta duk an sa musu sunansa.